Bayan Firij

An ɗauke wuta tun kafin la'asar.
Mun fito da tabarmi tsakar gida,
bango na amayar da ranar da ya haɗiya
kamar tanda bayan an kwashe masa.
Ni mai gyaran firij ne a Runjin Sambo,
sanyi ne abincina,
amma ruwan randata a daren nan
sai ka bari ya huce kafin alwala.

Kulu, 'yata, ta dawo daga jami'a
da zance a bakinta, ya ƙi jiran safiya.
Ta ce, Baba, akwai wani dutse,
idan an tace shi, an tsaga cikinsa,
ɗan abin da bai fi ƙwallon magarya ba
zai juya fankar ɗakinka wata da watanni,
ba hayaƙi, ba kukan janareta.
Ta ce hayaƙinmu ne ke dafa sama,
shi ya sa damina ta daina cika alkawari,
ta makara har iri ya ƙone a rami,
sannan ta zo a fusace
ta kwashe shinkafar fadama a dare ɗaya.

Jabbi, yayana, ya yi tari.
Tarin nan ya girme ta.
Shekara goma sha ɗaya ya yi a Arlit
yana jan mota daga bakin rami.
Ya ce, yarinya, kin gan shi a littafi,
ni na wanke shi daga gashin hancina.
Inda muka haƙo shi
da fitilar kananzir muke cin tuwo.
Hasken ya haye teku,
tarin ya biyo ni gida.

Ya numfasa. Ya ce, to, tokarsa fa?
An ce ba ta mutuwa
har jikan jikanki ya yi furfura.
Wa za ki ba ajiya?
Mutanen da taransifomar layinmu
ta gagare su tun watan azumi?
Ga rana nan, Allah ya ba Sakkwato
har ta yi mana yawa.
Shimfiɗa mata faranti, ki ɗiba.

Kulu ta ce, rana na faɗuwa, Baffa.
Batir na gajiya kafin asuba,
jaririn da ke kwalba a asibiti
bai san an yi magariba ba.
Kai kana tsoron abin da zai iya faruwa,
ni ina ƙirga waɗanda zafi ya riga ya ɗauka.

Suka juyo gare ni, su biyun,
kamar ni ne alƙali.
Ni kuwa abu ɗaya na sani,
shekara ashirin ina durƙuso da sukundireba:
firij ba ya kashe zafi.
Baya yake tura shi.
Duk mai shan ruwan sanyi ta gaba
akwai bangon da ke gasuwa dominsa.
Ban ce a kawo dutsen ba,
ban ce a bar shi a ƙasa ba.
Na ce ku fara gaya mini
wa za a tsayar a baya,
kuma ko an tambaye shi.

Ba wanda ya amsa.
Inno ta ci gaba da kaɗa mafici
a kan autanmu, hannunta bai shiga gardama ba.

Wajen ƙarfe uku aka kawo wuta.
Na ji fanka ta farka a ɗakin da ba kowa,
yara a layi suka yi ihu, suka koma barci.
Jabbi ya soma tarinsa na asuba.
Kulu ta tashi a hankali,
ta tsallake littafinta,
ta ɗebo masa ruwa a moɗa,
ta tsaya tana fifita shi da faifai
har ya shawu.